Dogon hinji na ƙyauren katako: yadda na ƙera shi da masaba da zuga-zugi

Ƙyauren da na yi wa wannan aiki na falankai ne masu kauri, faɗinsa ya kusa mita ɗaya, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi sai da nishi. Ƙananan hinjin kamfani ba sa riƙe irinsa, domin duk nauyin yana taruwa ne a bakin falanki ɗaya, sannu a hankali ƙusoshin su saki, ƙyauren ya fara jan ƙasa. Abin da ya dace da shi dogon hinji ne wanda zai kwanta a gicciye bisa falankan, ya ɗaure su wuri guda, ya raba musu nauyin. Tun da ƙarfen zai fito fili kowa ya gan shi, sai na ce bari in yi masa ado. Adon ne ya ja ni ga aikin, amma zoben da ƙyauren zai riƙa juyawa a kansa shi ya fi cin hankalina.

Kayan aikin ba su da yawa: uwar maƙera, masaba don dukan ƙarfi, muntalaga don gyara, awartaki don riƙe jan ƙarfe, kurfi don yanka, matsoni don huda, magagari don goge ƙarfe, sai zuga-zugi da gawayi. Kurfi da matsoni daga tsohon sifirin ɗin mota na ƙera su, saboda ƙarfensa ya fi tauri. Awartaki ne mutane suke rainawa. In bakinsa bai kama ƙarfen daram ba, duka ɗaya zai sa jan ƙarfe ya yi tsalle, kuma ba ya shawara da kai game da inda zai sauka. Kafin komai na sa bakin awartakin a wuta, na matse shi a kan ƙarfen da zan yi aiki da shi har ya zauna daidai.

Ƙarfen falle ne mai faɗin milimita 40 da kaurin milimita 6, irin mai laushi wanda kabon ɗinsa kaɗan ne. Maƙeran zamanin da ba da irinsa suka yi aiki ba. Nasu yana da zare-zare na kashin ƙarfe a cikinsa, in an dake shi bai yi zafi sosai ba sai ya tsage a tsaye. Bayan da Henry Bessemer ya fito da hanyarsa ta sarrafa ƙarfe a Ingila a 1856, wannan mai laushin ya yi ta yawaita har ya ture wancan. Ya fi haƙuri da mai koyo. Wanda ban yarda in sa a wuta ba shi ne mai rufin tutiya, irin na bututun ruwa, domin farin hayaƙin da yake fitarwa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki.

Na zana hinjin da alli a kan wani fallen ƙarfe, daidai girman da nake so, tsawonsa wajen kashi biyu cikin uku na faɗin ƙyauren. A kan ƙarfe na zana don in iya ɗora aikin da zafinsa in gwada. Wurin yanka kuma akwai lissafi. Ƙarfe in ka sirantar da shi ba ya raguwa, tsawo yake ƙarawa, saboda haka guntun da za ka yanka ya gaza tsawon zanen. Zobe kuwa nasa lissafin daban: ka haɗa faɗin ramin da kake so da kaurin ƙarfen, ka ninka da 3.14. Sandar da zoben zai hau milimita 12 ce, na bar wa ramin 13 don ya sami sarari. 13 da 6 sun ba da 19, in aka ninka ya kama wajen milimita 60. Na auna wannan daga ƙarshe ɗaya, na sa alama da matsoni. Alli yana ɓacewa a wuta, ɗan ramin matsoni kuwa yana nan ko ƙarfen ya yi jawur.

Wuta ita ce rabin ƙira. Gawayi yana son a tara shi da zurfi, ƙarfen ya kwanta a tsakiyar garwashi, da gawayi a ƙarƙashinsa da kuma a kansa. In ka cusa shi ƙasa dab da bakin iska, iskar za ta ci shi, ɓawo ya yi ta zuba. Zugar ma a hankali ake yi, ba da gaggawa ba. Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi sai launi, shi ya sa maƙera take son inuwa. A tsakar rana ƙarfen da ya kai a dake shi sai ka gan shi baƙi. Ja mai duhu wajen digiri 650 ne a ma'aunin Salshiyos. A 770 maganaɗisu yake daina kama ƙarfe. Ruwan goro ya doshi 1000, rawaya wajen 1100, daga nan sai fari, inda za ka ga tartsatsi mai fashewa yana tashi daga cikin wutar. Wannan tartsatsi ba na gawayi ba ne, ƙarfenka ne yake ƙonewa, kuma wurin da ya ƙone ba ya gyaruwa sai dai a yanke. Ina fitar da shi yana rawaya, ina mayarwa da zarar ya koma ja mai duhu. A falle mai kaurin milimita 6 tsakanin waɗannan biyun bai cika kai minti ɗaya ba. Don haka tunanin inda masaba za ta sauka ana yin sa ne ƙarfen yana cikin wuta. Wanda ya fito da ƙarfe sannan ya tsaya juya shi yana nazari, gawayinsa kawai yake ƙonawa.

Da kan hinjin na fara, inda adon yake. Na ɗora ƙarshen fallen a gefen uwar maƙera, wajen da ya ɗan dakushe, na dake shi a tsaye ta gefe biyu har wuya ya fito, aka bar ɗan dunƙule a gaba. Gefe mai kaifi ba ya yin wannan aiki, yana barin tsaga wadda ido ba ya gani, daga baya kan ya ɓalle daga nan. Dunƙulen na fara yi masa tsini, sannan na kwantar da shi na baje da siririn bakin muntalaga, daga tsakiya zuwa gefe, har ya zama ganye. In ka baje kafin ka yi tsinin, gefen ya riga ya yi siriri, naɗewa zai yi ta yi. Da wuya ya fito kuwa ya zama abin lallaɓawa: shi ne yake fara yin zafi a wuta, shi ne yake fara hucewa a waje. Duk sanda zan gasa wani wuri kusa da shi sai in ɗiga masa ruwa tukuna.

A bayan wuyan na tsaga reshe ɗaya a kowane gefe da kurfi, da wani fallen banza a ƙarƙashi don kada kurfin ya sari fuskar uwar maƙera. Na buɗe su, na sirantar, na naɗe su baya irin ƙahon rago. Kyan naɗi daga bakinsa yake. Ɗan ƙarshen nan za ka fara lanƙwasawa da duka mai sauƙi a gefen uwar maƙera, ka juya shi sama, ka riƙa turo shi yana naɗe kansa. Duka biyu a wuri ɗaya sai ya bar gwiwa a cikin da'irar, ido kuwa can yake fara sauka. Wanda ya ga hoton hinjin da ke ƙofofin majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris a Faransa, waɗanda wasunsu suka haura shekara 700, ya san inda wannan sana'a ta kai: rassa da ganyaye sun rufe katakon kusan gaba ɗaya. Ni reshe biyu da ganye ɗaya sun ishe ni, kuma a ganina ƙyauren da ba na fada ba ado kaɗan ya fi yi masa kyau.

Jikin hinjin na sirantar da shi daga wajen zobe zuwa wuya, sannan na kwantar da gefunansa da masaba. Nan ƙarfe yake nuna halinsa. Gefen da ka daka yana ƙara tsawo, ɗayan yana nan yadda yake, sai ka ga fallen ya lanƙwashe kamar lauje. Ba a gyara wannan da ƙarfi. Ka daki ɗaya gefen daidai yadda ka daki na farko, da kansa zai miƙe.

Sai zobe. Na kwantar da bakin ƙarfen ya yi gangare, don in ya zagayo ya kwanta luf a jikin fallen. Na gasa wannan milimita 60 ɗin kaɗai, na fito da bakin kaɗan daga gefen uwar maƙera na fara lanƙwasa shi, ina turowa ina duka. Bakin nan in bai lanƙwashe tun farko ba, ba zai ƙara lanƙwashewa ba, domin da zoben ya rufe masaba ba ta da ta inda za ta kai gare shi. Da ya kusa rufewa na zura sanda mai milimita 13 na ƙarasa naɗin a kanta. Sandar a sanyaye take shiga, kuma ba a barin ta ciki, don zoben yana tsukewa in yana hucewa, ya kama ta gam. Zoben duka ya koma fuska ɗaya, bayan hinjin ya zama shimfiɗe, in ba haka ba ba zai kwanta a jikin katako ba. Na ƙofar gari ko wata babbar ƙofa akan haɗe bakin zoben da jikin a wuta, da boraks, wato garin da ake barbaɗawa don ƙarfe ya haɗu, da zafin da ya kusa fari. Wannan ƙyaure bai kai nan ba.

Abin da na fi daɗewa a kansa shi ne daidaita ramin da jikin. Na zura doguwar sanda a zoben, na kwantar da hinjin, na duba ko sandar ta gicciye jikin sak, na kuma hango ta daga ƙarshe ko ta karkata. Karkatar da ba ta kai kaurin farce ba a zobe, in ta isa ɗaya bakin ƙyauren ta zama abin da zai hana shi rufuwa. Ganyen da ya ɗan karkace ba wanda zai kula, wani ma ya ce aikin hannu ke nan. Zobe ba a yi masa wannan uzuri.

Namijin, wato sandar da zoben yake hawa, na dasa shi ne a wani ƙarfe mai kauri da za a ɗaure a jikin firam. Na huda ƙarfen, na rage gindin sandar ya sami kafaɗa, na zura shi da zafi na tauna ƙarshen ta ƙasa.

Ramukan ƙusa da matsoni na huda su, ƙarfen yana ruwan goro. Ka doka ta fuska har ka ji matsonin ya tsaya, ka juya, za ka ga ɗan baƙin tabo inda uwar maƙera ta sanyaya wurin. Nan za ka ɗora matsonin, a kan rami, ɗan ƙwayar ƙarfe ya faɗo. Bayan duka uku ko huɗu a tsoma matsonin a ruwa, in ba haka ba bakinsa zai yi laushi ya buɗe a cikin ramin ya maƙale. Ɗan garin gawayi a ramin yana taimaka masa fita. Huda da zafi ba ta cire ƙarfe da yawa, gefe take tura shi, sai fallen ya ɗan kumbura a kewayen kowane rami. Kumburin nan ƙarfi ne, kuma a wurina ya fi rassan da na wahala a kansu kyau.

Ƙarfe ɗaya ba ya amo, hinji ma biyu ne. Ban gama ɗaya sannan na koma ɗaya ba. Wuya a wannan, wuya a wancan. Ganye a wannan, ganye a wancan, ɗaya yana wuta ɗaya yana kan uwar maƙera. Hannu yana riƙe da abin da ya yi yanzu-yanzu, amma zuwa gobe ya sake. Bayan kowane mataki sai in haɗa su baya da baya in ga inda suka saɓa.

Da ƙira ta ƙare na kankare ɓawon da buroshin waya tun da sauran zafi, na bi bakin zoben da magagari don ya zauna daidai a kafaɗar namijin. Na shafa kakin zuma lokacin da ƙarfen ya koma baƙi amma yana narkar da kakin har ya ɗan yi hayaƙi. Wannan matakin ne ya fi ƙona mutane, don baƙin ƙarfe mai digiri 300 da mai sanyi kamarsu ɗaya. In ban tabbata ba, bayan hannu nake kusantarwa kafin in taɓa. Kaki yana tsare tsatsa a ƙyauren da ke cikin rufi. Wanda ruwan sama yake duka fenti yake so.

Wurin ratayawa, nauyin ƙyaure yana fizgar hinjin sama daga jikin firam, yana danna na ƙasa ciki. Saboda haka ramin farko na kusa da zobe ban sa masa ƙusa ba, ƙarfe mai noti na sa wanda ya ratsa falankin ya fita ta baya. Sauran ramukan ƙusoshi ne da na ƙera masu faɗin kai, na lanƙwashe bakinsu ta baya suka koma cikin katako. Mazan biyu na daidaita su da zare mai ɗan nauyi a ƙarshensa, don dole su tsaya a layi ɗaya. Na ƙasa na bar shi ya ɗan fi na sama tsawo, yadda za ka fara zura zobe ɗaya sannan ka nemi na biyu, maimakon neman rami biyu a lokaci guda da ƙyaure mai nauyi a hannu. Ƙyauren da ke kan maza biyu masu kallon sama ana iya ɗaga shi a cire, don haka in na waje ne sai a juya na saman ya kalli ƙasa, a ɗaura hinjinsa bayan an rataya. Nawa na ciki ne, na bar su yadda suke, na sa wosha ta tagulla a ƙarƙashin kowane zobe da ɗigon mai.