Yadda 'yata ta fari ta samu sunanta

Tun cikina yana wata biyar nake tara sunaye a waya. Duk inda na ji suna mai daɗin faɗa, a gidan biki ne ko a Facebook, sai in rubuta. Da hoton asibiti ya nuna mace ce na goge na maza, na mata suka rage guda 14. A samansu duka akwai Afnan. Da daddare idan ta motsa nakan ɗora hannu a kan cikin, in kira ta da shi a hankali.

Ban taɓa nuna wa maigidana jerin nan ba. Kunyar cikin fari ce ta hana ni, irin wadda aka rene mu da ita, da ko cikin kansa ba a son a riƙa zancensa a fili. Shi ma bai taɓa ɗauko maganar ba. Na ɗauka shirunsa bar mini zaɓi ya yi, shi kuma ya ɗauka nawa shirun amincewa ce da duk abin da ya yanke.

Da cikin ya tsufa aka mai da ni gidanmu a Zariya goyon ciki, shi yana Kano wurin aiki. Ranar Laraba da hantsi na sauka. Kafin la'asar ya iso, aka miƙa masa jaririyar, ya yi mata kiran salla a kunnen dama, ya tauna dabino ya shafa mata a baki, ya yi mata huɗuba. Ni ina kwance a ciki, jiki duk ya mutu. Sai bayan magariba gwaggonsa ta shigo barka, ta ɗauke ta tana cewa, "Allah ya raya mana Asma'u. Yau mai sunan marigayiya ta zo." A bakinta na fara jin sunan 'yata.

Na juya fuskata bango, hawaye suka zubo. Sunan ba shi da aibi, kuma na san na mahaifiyarsa ne da ta rasu yana yaro. Abin da ya yi mini ciwo shi ne wata tara ina ɗauke da ita, na sha naƙudar kwana da yini, amma ko tambayata ba a yi ba.

Inna ta lura. Washegari tana watsa mini ruwan wanka da ganyen darbejiya ta ce, "Ke 'yar nan, ɗan fari ba na uwa ba ne, na dangi ne." Ta ce ita ba ta san sunan Yayanmu ba sai da maroƙi ya shelanta shi a ƙofar gida ranar suna, kuma har yau da ya tara iyali ba ta taɓa faɗarsa da bakinta ba. A wajensu haka tsarin yake: na fari a yi wa dangin uba takwara, idan an sake haihuwa a waiwayi dangin uwa. Ina girmama wannan kara, amma ko a lokacin zuciyata ba ta yarda cewa kara ta hana a shawarci mace ba.

A kwana na uku Baba ya zo ya tsaya bakin ƙofa, Inna ta riga ta gaya masa. Tsohon malamin Larabci ne, kuma ba mai yawan magana ba. Ya ce, "Wane suna kika so?" Na ce Afnan. Ya karanto ayar Suratur Rahman da kalmar ta zo a ciki, ya ce ma'anarta rassan itatuwa, kuma ba laifi a sa wa yarinya. Sai ya ce in ba shi wayar ya ga sauran. Ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya yana tambayata ma'ana. Uku kaɗai na sani. Biyu daga ciki ya ce shi bai san su a Larabci ba sam, duk da cewa shafin intanet ɗin da na kwaso su ya jera musu fassara masu daɗi. Ya ce kasancewar kalma a cikin Alƙur'ani ba shi ke mai da ita suna ba, domin Fir'auna da Hamana ma suna ciki.

Ranar na fahimci nauyin abin da nake ɗauka ado. Baba ya ba ni labarin yadda Annabi (SAW) yake canja suna idan ma'anarsa ba ta yi kyau ba. Wata mai suna da ke nufin mai saɓo ya mayar da ita Jamila. Barra, mai nuna yabon kai da nagarta, ya mayar da ita Zainab. Wani sahabi mai suna Hazn, wato tsauri, ya ce masa ya koma Sahl, wato sauƙi, mutumin ya ce ba zai canja sunan da ubansa ya sa masa ba. Jikansa Sa'idu ɗan Musayyib ya ce tsaurin nan bai gushe a cikin zuriyarsu ba.

Amma Baba bai tsaya a ɓangaren maigidana kawai ba. Ya ce malamai sun ce idan aka yi saɓani maganar uba ake bi, tunda da sunansa ake danganta ɗa. Sai dai a Suratu Ali Imrana, mahaifiyar Nana Maryam ce ta ce ni na sa mata suna Maryam, kuma Allah ya karɓa. Don haka uwa tana da baki. Ya ce sunan huɗuba ba ya hana a sake shawara kafin a yanka rago, idan ina so zai kira surukinsa su yi magana. Na ce ya dakata tukuna. Ni kaina ban san dalilin da ya sa na ce haka ba.

Dalilin ya zo a kwana na huɗu, da Hajiya ta iso daga Kano da ƙauri. Hajiya kishiyar mahaifiyarsa ce. Ita ta riƙe shi da ƙannensa tun yana shekara shida, har baƙo ba ya gane ba ita ta haife su ba. Bayan an gama gaishe-gaishe, mutane sun ragu, ta zauna bakin gadona da jaririyar a cinya.

Ta ce, "'Yata, bai gaya miki ba ko?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ya yi laifi, kuma na faɗa masa."

Ashe sunan Hajiya ya yi niyyar sawa, don ya saka mata riƙon da ta yi musu. Yana hanya ya kira ta ya gaya mata, ta ce ba ta yarda ba. Ta ce mini, "Ni ina raye, ana kirana ina amsawa. Yaya kuwa shekara 26 ke nan ba a ambaci sunanta a gidan nan ba sai a addu'a." Ta ba ni labarin yadda aka kawo ta amarya tana ƙaramar yarinya, ba ta iya tuƙa tuwon gidan yawa ba, marigayiyar ce take shigowa madafa ranar girkinta ta taya ta, ba tare da mijinsu ya sani ba. Da ta yi haihuwar fari, iyayenta suna nesa, uwargidan nan ce ta yi mata wankan jego kwana arba'in, ta dama mata kunun kanwa da hannunta. Tana magana tana kallon fuskar jaririyar, ba ta kalle ni ba sai a ƙarshe. Ta ce, "Amma ke kika sha wahalarta. Idan ranki bai kwanta ba, ki faɗa, ni da kaina zan sa ya canja."

Ban iya cewa komai ba. Na tuna jerin da ke wayata, sunaye 14 da babu ko ɗaya da na san wata mace da ta rayu da shi ta bar abin faɗa. Ga kuma suna a gabana da ya sa kishiya ta ƙi karɓar takwara don a ba abokiyar zamanta da ke kabari.

Da daddare angon ƙarni ya shigo, muka yi maganar da ya kamata a ce mun yi ta tun watanni uku baya. Ya ba ni haƙuri. Ya ce tsoro ya ji, kada ya ambaci sunan mahaifiyarsa ya ga na yamutsa fuska, abin ya zauna masa a rai har abada. Na ce ni kuma da ya tambaye ni, da hannu biyu zan karɓa, kuma da ba a kai ga hawayen da na yi ba. Muka tsaya a kan sunan yanka yana nan yadda yake, laƙabi kuwa nawa ne.

Da Baba ya ji, ya yi murna, ya ƙara mini da abin da ya sa na ƙara son sunan. Ya ce Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ita ce ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin Annabi (SAW) da mahaifinta lokacin hijira, har aka yi mata laƙabi da ma'abociyar ɗamara biyu. Ɗanta Abdullahi ɗan Zubairu shi ne ɗa na farko da aka haifa wa masu hijira a Madina. Sai kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da aka haifa a 1793. Tagwaye ne ita da Hassan, amma Shehu bai sa mata sunan da aka saba sa wa tagwaye ba, ya zaɓa mata wannan. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis, wato malamai mata da ke jagorantar 'yan tarun, ke shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Ni da na yi karatun koyarwa, wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Laraba ta zagayo aka yi suna. Bayan sallar asuba maza suka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, aka yanka rago, wanzami ya yi mata aski. Wannan duk ya wuce cikin sa'a biyu. A yinin mata ne na gane cewa laƙabi ba a ɗaki ake yanke shi ba, a bakin jama'a yake kama ƙasa. Na riga na gaya wa ƙannena duk wadda ta tambaya su ce Afnan. Amma ƙannen maigidana ba za su iya faɗin sunan uwarsu ba, kuma tun ranar haihuwa suke ce mata Ummi. Kakata kuwa da ta karɓe ta cewa ta yi, "Kawo mini Larai in gani," tunda ranar Laraba ta zo.

Wannan Larai ɗin ya tsaya mini a rai. Sunayen kakanninmu labari suke bayarwa. Ka ji Tanko ka san mata ya biyo, Kande maza ta biyo, Gambo tagwaye ya bi, Azumi a watan Ramadan ta zo, Talle maraici ya tashi a ciki. Mu yanzu mun ɗauke su ƙauyanci, muna neman wanda ba a taɓa ji ba a unguwa. Ni ma haka na yi, kuma ina ganin mun yi asarar wani abu. Ban hana kakata ba, da shi ta kira ta har Allah ya karɓi ranta.

Saura takarda, wadda mutane da yawa ba sa kula da ita sai ta zame musu matsala. Ni sunana iri uku aka rubuta shi, daban a takardar makaranta, daban a banki, daban a katin shaida, sai da na je kotu na yi rantsuwa kafin a daidaita. Na ce 'yata ba za ta gaji wannan ba. Sunanta ana rubuta shi Asma'u, Asmau, Asma ko Asmaa, kuma waƙafin saman nan ba kowace kwamfuta ke karɓarsa ba. Muka zaɓi rubutu ɗaya, muka je da kanmu aka yi mata takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, muka duba harafi bayan harafi kafin mu bar wurin. Sunan yanka da na ubanta kawai muka sa, ba laƙabi. Tun 2021 sai da lambar NIN ake rajistar jarrabawar JAMB, saboda haka abin da aka rubuta wa jariri a makon farko yana iya bin sa har ƙofar jami'a.

Ƙanwata tana da cikin fari yanzu. Na ce mata ta cire kunya ta zauna da mijinta tun cikin yana wata shida, ta fara da tambayarsa ko akwai wanda yake son yi wa takwara, kafin ta fito da nata. Duk sunan da ya burge ta ta kai wa wanda ya san Larabci, ba waya ba. Ta kira shi da ƙarfi haɗe da sunan uban ta ji yadda ya zauna, ta kuma ƙaddara yarinyar ta tsufa ana ce mata Hajiya wance. Idan takwara za a yi, su shirya laƙabi tun kafin 'yan barka su fara zuwa, domin wanda aka fara kira da shi ne ke bin yaro.

'Yata shekararta huɗu yanzu. Ni kaɗai da ƙannena muke ce mata Afnan. Ubanta da danginsa Ummi suke cewa, a Islamiyya kuma sunan yanka ake kira ta amsa. Hajiya kuwa ba ta taɓa kiranta da ko ɗaya daga ciki ba. Yaya take ce mata, yadda take kiran marigayiyar, kuma idan muka je ita take fara zuba wa abinci kafin sauran jikoki.

Da sallar da ta wuce yarinyar ta tambaye ta, "Hajiya, me ya sa kike ce mini Yaya, ai ke ce babba?" Hajiya ta kama hannunta suka shiga ɗaki. Ta jawo wata tsohuwar akwati daga ƙarƙashin gado, ta fito da zane saƙi guda ɗaya a naɗe, ta ɗora mata a cinya. Ta ce, "Na mai sunanki ne. Ina ajiye miki sai kin girma."