Na yi fomat, na sauya diski, abin yana nan daram

Laftof ce ta gwanjo, irin waɗanda kamfanonin Turai ke sallamarwa. Alhaji ya saye ta don lissafin shagonsa, ya kawo min in ɗora Windows. Ina haɗa ta da intanet sai na ga wani fayil, rpcnetp.exe, yana ta neman magana da waje. Na goge shi, na sake kunnawa, ya dawo. Na yi fomat, wato na share komai da ke diskin, ya dawo. Haushi ya sa na ciro diskin na sa sabon diski, irin wanda ake kira SSD, fil daga kwali, da kuɗin aljihuna, sai ga shi ya sake fitowa. Kuɗin SSD ɗin nan har yau yana min ciwo.

Ashe ba a diski yake kwana ba. Yana cikin ɗan guntun cip mai ƙafa takwas da ke kan madabod (babban allon da ke cikin laftof), inda BIOS take, wato manhajar da ke tada kwamfuta. Ita ke farkawa kafin Windows, don haka duk kunnawa sai ta mayar da fayil ɗin wurinsa. Manhajar hana sata ce da kamfanin da ya mallaki laftof ɗin ya kunna, dillali kuma ya sayar ba tare da an cire rajistar ba. Wato wani da ba mu sani ba yana iya gano inda take, ya kulle ta, ko ya share lissafin Alhaji daga nesa.

Kada ka ce ai halastacciyar manhaja ce. A 2018 masu bincike na kamfanin tsaron kwamfuta ESET suka bankaɗo wata muguwar manhaja mai suna LoJax, inda 'yan kutse suka karkatar da irin wannan manhajar don leƙen asirin hukumomin gwamnati a Turai, suka dasa ta a cip ɗin. Sauya diski bai fitar da ita ba, sai an sake rubuta cip ɗin ko a canja madabod.

Na ce, "Alhaji, a mayar wa dillali da kayansa." Ya ce, "Malam, ba ka ce fomat na wanke komai ba?"

Yanzu duk ta gwanjon da ta shigo shagona, BIOS nake fara shiga kafin in taɓa diski: akwai kalmar sirri a kai? An kunna hana sata? Secure Boot, mai hana baƙuwar manhaja tashi kafin Windows, na aiki? In an kunna hana satar, ko sukurudireba ba na ɗauka, dillali ya zo ya kwashi abarsa.