Na rufe hoton Smaug da tafin hannuna

Asabar, Damagaram. Hazo ya rufe gari tun da asuba, har ba a hangen duwatsun Birni daga ƙofar gidanmu, saboda haka na wuni a zaure ina ƙarasa Bilbo le Hobbit, fassarar Faransanci ta littafin Tolkien, wadda na aro wajen wani abokin aikina.

Littafin ya fara fitowa a Ingila a 1937, shekarar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fara fitowa a Zariya, kuma wannan dacewar ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, domin marubutan biyu sana'a ɗaya suka yi: sun ɗauko tsofaffin labarai sun ɗinka musu sabuwar riga. Tolkien ya samo sunan boka Gandalf da sunayen yawancin wadanni 13, gajerun mutanen da suka yi tafiya da Bilbo jarumin labarin, daga wata tsohuwar waƙa ta ƙasar Aisilan, satar kofin zinariya daga taskar Smaug, maciji mai aman wuta, kuma daga Beowulf, wata tsohuwar waƙar Ingilishi, ta fito. Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, ya sa su a bakin aku, sai ka rantse a fadar wani sarkin Hausa aka haife su. Ban ga abin zargi a nan ba ko kaɗan, tun da mai ba da tatsuniya ma bai taɓa cewa shi ya ƙage ta ba.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin da Bilbo da wata halitta mai suna Gollum suke gasar kacici-kacici a cikin duhun kogo, rai yana hannun wanda ya ci. Na karanta shi sau biyu, kunnena yana jin ƙulin-ƙulifita irin wadda muke yi a tsakar gida muna yara.

Bayan la'asar ƴar ƙanwata mai shekara bakwai ta leƙo ta kafaɗata, ta ga zanen da Tolkien ya yi da hannunsa: Smaug ja wur, kwance a kan tarin zinariya, Bilbo ɗan mitsitsi a gefe yana rusunawa. Ta ce, "Kawu, wannan shi ne Dodo?" Zanen yana da kyau ƙwarai, amma sai na ji hannuna ya rufe shi. Ni Dodon da Inna ta ba mu labarinsa ba shi da fuska, kowannenmu shi ya ƙera nasa a cikin duhu, kuma ban so takarda ta riga yarinyar nan ƙera nata ba.

Na ce mata wannan na Turawa ne, namu sai ta tambayi kakarta. Yanzu da nake rubutun nan bayan isha'i, ina jiyo muryar Inna daga ɗakinta tana cewa ga ta nan ga ta nanku, yarinyar tana amsawa.