Sayar da kek daga kicin ɗin gida a Kalifoniya

Da zan yi rajistar sayar da biskit da kek daga gida a jihar Kalifoniya ta Amurka, ofishin tsara gari na fara zuwa kafin sashen lafiya, domin gundumomi da yawa sai sun ga gari ya amince da adireshin suke karɓar takardarka.

Dokar jihar da ta fara aiki a Janairun 2013 ta hana gari haramta wannan sana'a a unguwar da aka ware don zama. Sai dai ta bar masa ikon gindaya sharuɗɗa kan ajiye motoci, cunkoso da hayaniya, kuma nan mutane suka fi makalewa. Masu saye biyar suka toshe ƙofar maƙwabci, ƙara ta isa ofis. Na raba lokutan karɓar kaya, mota ɗaya a lokaci guda. Ka kuma karanta yarjejeniyar hayarka tukuna: hukumar gari dokar ta ɗaure wa hannu, mai gidan haya da ƙungiyar masu gidajen unguwa suna iya cewa a'a.

Izinin rukuni biyu ne. Rukunin A, kai da mai saye kai tsaye, rajista kawai, kai za ka shaida tsaftar kicin ɗinka. Rukunin B yana ba ka damar kai kaya shaguna, amma sai mai duba tsafta ya zo gida. Daga 2022 iyakar cinikin shekara ta zama dala 75,000 ga A, 150,000 ga B, ana ɗaga ta gwargwadon tsadar rayuwa. Jimillar ciniki ake lissafawa, ba riba ba. Ma'aikaci ɗaya aka yarda ka ɗauka ban da iyalinka, kwas ɗin tsaftar abinci kuwa cikin wata uku da rajista.

Ma'aunin abin da za a sayar shi ne firiji. Duk abin da zai lalace in ba a sanyaya shi ba, kamar kek mai kirim ko mai nama a ciki, ba ya cikin jerin abincin da jihar ta yarda a sayar, saboda ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a cikinsa. Takardar jikin kaya dole ta faɗi cewa a kicin ɗin gida aka yi, ta kuma lissafa abubuwan haɗi da masu tayar da borin jini, irin su gyaɗa, ƙwai da alkama.

Izinin a iyakar jiha yake ƙarewa. Odar da ta zo mini daga jihar Nebada, haƙuri na ba su, don kayan da suka tsallake iyaka sun shiga hurumin gwamnatin tarayya.