Allah Bai Yanke Zance da 'Yan Adam Ba

Wasiƙar da aka rubuta wa Ibraniyawa ba ta fara da gaisuwa ba, marubucinta kuma bai tsaya faɗin sunansa ba. Kai tsaye ya shiga batun da ke ransa, wato cewa a zamanin dā Allah ya yi wa kakanni magana ta bakin annabawa, sau da yawa, ta hanyoyi dabam-dabam, amma a kwanakin nan na ƙarshe ya yi mana magana ta wurin Ɗansa. Wanda ya saba jin wannan aya tun yana yaro da wuya ta ƙara ba shi mamaki. Ni kuwa duk lokacin da na karanta ta, sai in tambayi kaina dalilin da ya sa aka yi ta maimaita magana har tsawon ƙarnuka, alhali mai maganar ba ya mantuwa, ba ya kuma kuskuren da zai dawo ya gyara. Amsar da Littafi Mai Tsarki ya bayar ba ta yi mana daɗi: an maimaita ne domin ba a saurara ba. A ganina nan ne amincin Allah wajen magana ya fi fitowa fili. Yana komowa ga mutanen da suka toshe masa kunne, in kuwa ya komo ba ya sauya abin da ya faɗa tun farko don ya gamshe su.

Tun daga Littafin Farawa haka zancen yake. Bayan Adamu da Hawwa'u sun karya umarni sun ɓuya a cikin itatuwan gonar, Allah ne ya fara buɗe baki yana tambayar mutumin inda yake. Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawarin zuriya, sai da ya kai shekara 100 aka haifi Ishaku, kuma a tsakanin nan shi da Saratu sun nemi gajeriyar hanya ta wurin Hajara, amma wannan bai sa aka janye alkawarin ba. Waɗannan sanannun labarai ne, ba sai na tsawaita ba. Wanda nake so mu dube shi a tsanake yana cikin sura ta 36 ta Littafin Irmiya, surar da ba safai ake wa'azi a kanta ba.

A shekara ta huɗu ta sarautar Yehoyakim a Yahuza, wajen shekara ta 605 kafin haihuwar Almasihu, Irmiya ya riga ya shafe shekara 23 yana faɗakarwa ba tare da an ji shi ba, kamar yadda shi da kansa ya faɗa a sura ta 25. A wannan shekara Ubangiji ya umarce shi ya ɗauki naɗaɗɗen littafi ya rubuta dukan abin da aka faɗa masa tun zamanin Sarki Yosiya, ko watakila mutanen Yahuza za su ji masifar da ke tafe, kowa ya bar muguwar hanyarsa, a gafarta musu. An hana Irmiya shiga Haikali, saboda haka magatakardansa Baruk ne ya rubuta abin da yake faɗa, shi ne kuma ya je ya karanta wa jama'a a ranar azumi, a wata na tara na shekara mai biye. Fadawan da suka ji karatun suka tsorata, suka ce wa Baruk ya je su ɓuya shi da Irmiya, sa'an nan suka kai wa sarki labari.

Lokacin sanyi ne, sarki yana zaune a gidansa na hunturu, ga wuta tana ci a kasko a gabansa. Wani mai suna Yehudi ya soma karanta masa littafin. Da ya karanta sashe uku ko huɗu, sai sarki ya sa wuƙar magatakarda ya yanke wurin da aka karanta ya jefa a wuta, a ci gaba da karatu, ya sāke yankewa ya jefa, har littafin duka ya zama toka. Mutum uku daga cikin manyan fada, Elnatan da Delaya da Gemariya, sun roƙe shi kada ya ƙone shi, bai kula su ba. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki a labarin shi ne natsuwar da aka yi abin da ita. Da a ce cikin fushi ya fizge littafin ya wurga a wuta gaba ɗaya, da sai a ce zuciya ce ta ɗebe shi. Amma wannan mutum ya saurari kowane sashe kafin ya ƙone shi. Marubucin ya lura cewa sarki da barorinsa ba su ji tsoro ba, ba su kuma kece tufafinsu ba, mai karatu kuwa ba zai kasa tuna mahaifin sarkin, wato Yosiya, ba, wanda ya kece nasa tufafin sa'ad da aka karanta masa Littafin Shari'a da aka tsinta a Haikali kimanin shekara 18 kafin wannan rana.

Da mutum ne aka yi wa wannan wulakanci, da zancen ya ƙare ke nan. Amma maganar Ubangiji ta sāke zuwa wa Irmiya cewa ya ɗauki wani littafin ya rubuta dukan kalmomin da ke cikin na farko. Baruk ya zauna ya sāke aikin tun daga tushe, surar kuma ta rufe da cewa an ƙara wasu kalmomi da yawa irinsu. Ya kamata a lura cewa a cikin ƙarin nan har da hukunci mai tsanani a kan Yehoyakim da gidansa. Muna yawan ambaton amincin Allah kamar ta'aziyya ce kurum, alhali amincin da ya sa ba ya fasa alkawarin alheri shi ne ya sa ba ya sassauta gargaɗi don an ƙi jinsa. Urushalima ta faɗi a hannun Nebukadnezzar wajen shekara ta 586, aka ƙone Haikali, aka kwashi mutane zuwa Babila, daidai da abin da littafin da aka ƙone ya faɗa. Ta bakin Irmiyan nan kuma aka yi alkawarin komowa bayan shekara 70, Littafin Ezra kuwa ya buɗe da shelar Sairus sarkin Farisa, ta wajen shekara ta 538, yana cewa an yi ta ne domin maganar da Ubangiji ya yi ta bakin Irmiya ta cika.

A zamanin Irmiya ba a rasa masu magana da sunan Allah ba, yawa ma suka yi. Hananiya, mutumin Gibeyon, ya tsaya a Haikali a gaban firistoci da jama'a ya ce cikin shekara biyu za a karya ikon Babila a komo da kayayyakin Haikali, har ya cire karkiyar itacen da Irmiya ya rataya a wuyansa ya karya ta a gaban kowa. Tun kafin a karya ta, Irmiya ya ce amin, Ubangiji ya sa ya zama haka, ya tunatar da shi cewa annabin da ya yi shelar salama sai maganarsa ta cika ake sanin aiko shi aka yi. Bayan an karya karkiyar kuwa, sai ya kama hanyarsa ya tafi. Ina ganin darasi babba a tafiyar nan tasa, domin a lokacin ba a ba shi abin da zai faɗa ba, bai kuma ƙago ba don ya kare mutuncinsa a idon jama'a. Sai daga baya magana ta zo, cewa karkiyar ƙarfe ce za ta maye gurbin ta itace, Hananiya kuma ya mutu a wata na bakwai na wannan shekara, wata biyu bayan annabcinsa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damun masu bi da yawa, wato shirun Allah. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye shi ba. Ya faɗa mana cewa a kwanakin da Sama'ila yake yaro a hannun Eli, ba safai ake jin maganar Ubangiji ba. Amos ya yi gargaɗin wata yunwa wadda ba ta abinci ba ce, ta jin maganar Ubangiji ce. Mai Zabura ta 74 ya yi kuka cewa babu sauran annabi, babu kuma wanda ya san ranar da abin zai ƙare. Tsakanin Malakai da Yohanna Mai Baftisma akwai kimanin shekara 400, kuma mutanen wannan tsakani sun san halin da suke ciki: Littafin Makkabiyawa na Fari, wanda 'yan Katolika da 'yan Otodoks ke lissafawa cikin Nassi, ya ba da labarin yadda, sa'ad da aka tsarkake Haikali a shekara ta 164 kafin haihuwar Almasihu, aka ajiye duwatsun bagaden da aka ƙazantar a gefe har sai wani annabi ya zo ya faɗi abin da za a yi da su. Ba zan ce wa wanda ya daɗe yana addu'a bai ji amsa ba cewa wannan shiru abu ne mai sauƙi. Waɗanda suka rubuta Zabura ma ba su ce haka ba.

Amma a duba yadda shirun ya ƙare. Malakai ya rufe littafinsa da alkawarin aiko da Iliya, wanda zai juyo da zukatan iyaye ga 'ya'yansu. Luka kuwa ya fara labarinsa da tsohon firist Zakariya yana ƙona turare a Haikali, mala'ika Jibra'ilu ya bayyana gare shi ya ce ɗan da za a haifa masa zai tafi cikin ruhu da ikon Iliya, ya juyo da zukatan iyaye ga 'ya'yansu. An ɗora zancen a daidai inda aka tsaya, kamar mahaifin da ya yi doguwar tafiya ya dawo ya ci gaba da maganar da ya bari da ɗansa, ba tare da ya manta ko da gaɓa ɗaya ba. Zakariya bai gaskata ba, ya bebance har ranar da aka raɗa wa yaron suna, rashin gaskatawarsa kuwa bai hana a haifi Yohanna ba.

Yesu da kansa ya taƙaita wannan dogon tarihi a misalin manoman gonar inabi, a sura ta 12 ta Bisharar Markus. Mai gona ya aiki bawa, suka dūke shi. Ya aiki wani, suka rotsa masa kai. Ya aiki wani, suka kashe shi, haka aka yi da wasu da yawa. Saura mutum ɗaya gare shi, ƙaunataccen ɗansa, shi ma ya aike shi daga ƙarshe. A lissafin 'yan adam wannan ba dabara ba ce, babu mai dukiyar da zai yi haka. Ga Kirista kuwa, wannan aike na ƙarshe shi ne abin da Yohanna marubucin bishara yake nufi da ya ce Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu: wanda ya daɗe yana aiko da saƙo ya zo da kansa, aka yi masa abin da Yehoyakim ya yi wa littafin, a rana ta uku kuma ya tashi. Shi ya sa Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa dukan alkawaran Allah a cikin Almasihu suka zama i, ya kuma tuna wa Timoti cewa ko mun yi rashin aminci shi mai aminci ne, domin ba zai yi musun kansa ba.

Kiristoci sun sha bamban a kan yadda Allah yake magana a yau. Wasu suna ganin baiwar annabci ta ƙare da zamanin manzanni, wasu kuma, musamman 'yan Fentikos, suna ganin tana nan daram. Duk da haka manyan ɗariƙu sun yi tarayya a kan cewa babu wani sabon wahayi da zai zo ya shafe ko ya zarce abin da aka bayar cikin Almasihu. Majalisar Fadar Vatican ta Biyu, ta 'yan Katolika, ta faɗi haka a fili a shekara ta 1965, Furotesta kuwa sun daɗe suna tsaye a kai ta wurin riƙe Nassi a matsayin ma'auni. Ni ban musa cewa Ruhu Mai Tsarki yana bi da mutum, yana tsauta masa, yana ta'azantar da shi ba, tun da Yesu ya ce Ruhun zai koya wa almajirai kome ya kuma tuna musu abin da ya faɗa. Abin da nake jin tsoro shi ne halin da ke sa mai bi ya riƙa yawo daga taro zuwa taro yana neman a faɗa masa sabon saƙo, alhali wanda ke rubuce a hannunsa game da gafarta wa ɗan'uwa da biyan ma'aikaci hakkinsa bai taɓa aikata shi ba. Kasuwar Hananiya a irin wannan hali take ci, domin shekara biyu ta fi shekara 70 daɗin ji.

Akwai kuma alkawari guda da har yanzu bai cika ba, wato komowar Almasihu, ba kuwa mutanen zamaninmu ne suka fara tambayar inda ya kwana ba. Wasiƙar Bitrus ta Biyu ta riga ta ambaci masu ba'a da za su ce tun da kakanni suka mutu kome yana nan yadda yake. Amsar da ta ba su ita ce Ubangiji ba ya jinkirin cika alkawarinsa yadda wasu ke ɗaukar jinkiri, haƙuri yake yi, domin ba ya so kowa ya hallaka, sai dai kowa ya kai ga tuba. Wasiƙar ba ta ba su rana ko shekara ba; ta dai ce ranar za ta zo kamar ɓarawo, ta kuma tambaye su irin zaman da ya kamata su yi kafin ta zo.