Abin da shirin yaƙin Churchill na 1945 ya koya mini game da ƙidayar dakaru

Tunda na ajiye aikin nazarin takardun wannan shiri, bari in bar wa na baya abin da na tsinta, musamman inda ƙafa ta fi zamewa.

Duk wanda ya zauna ajin dabarun yaƙi ya san tushen maganar. Jamus ta miƙa wuya a farkon watan Mayun 1945, Churchill, firaministan Birtaniya na lokacin, ya sa masu tsara masa yaƙi su duba ko Birtaniya da Amurka za su iya tanƙwara Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, da bakin bindiga a kan batun Folan. Aka raɗa wa shirin suna Operation Unthinkable, aka miƙa rahoto ranar 22 ga Mayu, aka tsayar da 1 ga Yuli ranar fara kai hari. Sai a 1998 aka fito da takardun fili.

Kuskuren da ya fi ci mini rai yana cikin lissafi ne, kuma ni ma ya taɓa kayar da ni. Rahoton ya ware dibishin (wato babbar rundunar soja mai dubban mutane) 47 na Birtaniya da Amurka don harin, 14 daga ciki na tankoki, su tunkari dibishin 170 na Tarayyar Sobiyet, 30 daga ciki na tankoki. Ɗalibi mai karatu ya san dibishin ɗin sojan ƙasa na Amurka ya kai mutum 14,000, na Rasha kuwa a ƙarshen yaƙin sau da yawa bai cika 6,000 ba. Sai ya ɗauki jan fensir ya raba 170 gida biyu da rabi, ya sami 68, ya rubuta a gefen taswira cewa 47 da 68 ai ba wata tazara ba ce idan ga jirage a sama. To, masu rahoton sun riga sun yi wannan ragin. Adadin 170 ɗin nan an auna shi ne da mudun dibishin ɗin Yamma. Wanda ya sake ragewa ya yi ragi biyu, kuma duk abin da ya ɗora a kai, daga saurin tafiya zuwa yawan harsashi da mai, a kan yashi ya gina shi. Kafin a taɓa kowane adadi, a fara neman mudun da aka auna shi da shi, ko da a ƙasan shafi aka ɓoye bayanin da ƙananan baƙaƙe.

Abin takaici, irin wannan lissafin shi ke burge wasu masu duba aiki, domin yana kai ga sakamako mai daɗin ji. Wanda ya bi adadin tsakani da Allah ya ce harin ba zai kai labari ba, sai a ce masa ba shi da zuciya. Alhali abin da Alan Brooke da sauran hafsan hafsoshin Birtaniya suka gaya wa Churchill ke nan ranar 8 ga Yuni: nasara cikin gaggawa ta fi ƙarfinsu, abin da zai biyo baya doguwar gwagwarmaya ce da wanda ya fi su yawa. Ban ga wanda ya kira su matsorata ba.

Taswirar ma tana yaudara. Shirin ya tanadi kai farmaki ta fuska biyu daga Jamus zuwa cikin Folan, ɗaya daga arewa ta Stettin zuwa Bydgoszcz, ɗaya ta Leipzig da Cottbus zuwa Poznan da Breslau, a tsaya a layin Danzig zuwa Breslau. A ce an isa can. Rasha ba ta faɗi ba, ta ja da baya ne kawai, kamar yadda ta yi wa Hitler a 1941. Kowane kilomita da aka ci yana ƙara nisa daga tashar ruwa ta Antwerp a Beljiyam, ga layukan dogo da gadojin Jamus da jiragen ƙawance suka ragargaza da kansu, ga sanyin hunturu na tafe.

Inda Yamma ta fi ƙarfi a fili yake: teku, da manyan jirage masu ruwan bama-bamai. Amma masana'antun Rasha sun koma bayan tsaunukan Ural tun farkon yaƙin, nesa da inda bam zai same su da sauƙi. Yanke tallafin motoci da man jirgi da Amurka ke aika mata zai yi ciwo, sai dai ciwon watanni ne, ba na makonni ba. Ita kuwa tana iya gangarowa kan rijiyoyin man Iran da Iraƙi.

Sauran a taƙaice. Kada a sa makamin nukiliya a lissafin 1 ga Yuli, domin gwajin farko sai 16 ga watan aka yi shi. Dibishin 10 na Jamusawa da aka so a mayar wa makamai za su jawo tawayen zuci a London da New York fiye da amfaninsu a fage. Yaƙin Japan kuma bai ƙare ba: Amurka na kwashe dakarunta zuwa can, dibishin na 82 na Afirka ta Yamma, da mutanenmu a ciki, yana fagen Bama (ƙasar Myanmar ta yau). Churchill da kansa ya sauya tambayar ranar 10 ga Yuni, ya ce a duba yadda za a kare tsibirin Birtaniya idan Rasha ta iso bakin teku.