Yau na sasanta tibi da waya a sifika ɗaya

Asabar, sha ɗaya saura na dare

Yatsana har yanzu zugi yake inda ƙarfen dalma ya ɗana min, amma bari dai in rubuta na yau kafin in kwanta, don in na manta yadda na haɗa wayoyin nan nan da wata uku ba mai tuna min.

Asalin maganar tun jiya ta faro. Na dawo bayan isha'i Madam na zaune tana kallon shirinta a Arewa24, ina sa ƙafa a falo sai maganar tibi ta ɗauke ɗif, muryar matar nan ta cikin amfilifaya ta ƙwala shelarta da Turanci wai an haɗu, ashe wayata ce a aljihu ta kama Bluetooth da kanta. Ba yau aka fara ba, kullum haka ake, allon amfilifayar haka aka yi shi, da zarar waya ta kama sai ya watsar da abin da ke shigowa ta jak ya bi waya ko da ba a kunna komai ba. Ta juyo ta kalle ni ta ce "Baban yara don Allah ko dai ka cire tarkacen nan ka bar mana tibinmu yadda take, ko ka dinga kashe wayarka tun daga bakin get." Ban ce komai ba don gaskiyarta ne. Ranar Talata ma saƙon murya wani abokina ya turo, na danna ina ɗaki, sai ga shi yana ta zuba a falo ta manyan sifiku Hajiya na zaune ta zo ganin jikoki, Allah ya so ni maganar kuɗin adashe ce kawai.

Abin da take ce wa tarkace, sifiku ne guda biyu na katako na tsohuwar rediyon Baba, ohm 8 kowacce, sai ɗan allon amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai TPA3116D2 wanda bai fi tafin hannu ba, sai cajar laftof mai 19V da ke ba shi wuta. A jikin kwalin an rubuta wat 50 sau biyu amma wannan sai sifikarka mai ohm 4 ce kuma wuta ta kai wajen 21V, ni a nawa lissafin wat ashirin da ɗan wani abu kowace sifika take samu, kuma wlh ya ishi falon har ya yi yawa. Abin da na fi so da shi ba ya zafi ba ya shan batir, in an ɗauke wuta inbata ba ta ma san da shi ba.

Abu biyu na fita nema yau. Na farko in ɗauko sauti daga jikin tibin kanta, don da daga dikoda nake ɗauka da jar waya da fara, to in aka koma YouTube sai sauti ya koma ƴan sifikun tibi masu magana kamar a cikin gwangwanin madara. Na biyu kiɗa daga intanet ya shigo ba tare da ya kori kowa ba.

Bayan tibin ba jak ɗin iyafis ba ja da fari, ramin oftikal ne kawai, mai tura sauti da haske, da HDMI mai ARC, wato wanda shi ma yake iya fitar da sautin tibi. Na taɓa gwada tura sautin tibi ta Bluetooth, kwana ɗaya na haƙura, bakin mai karanta labarai na motsi magana na biyo shi a baya, a ƙwallo kuma sai ka ga an buga sannan ka ji tim. A waƙa jinkirin ba ya damun kowa tunda ba bakin da kake kallo, amma a tibi ba ya jurewa.

Allah ya taimake ni ba Asabar ɗin ƙarshen wata ba ce balle tsaftar muhalli ta tsare ni, tara da rabi ina cikin adaidaita, hazo ya rufe Kano ko benayen Bata ba ka gani sosai. France Road na sauka. Shago na uku na samu ɗan akwatin da ke juya oftikal zuwa ja da fari, yaron shagon ya yanka min kuɗi na taya ya ce albarka na juya zan tafi ya ce "dawo oga kawo", ya haɗa min da wayar oftikal ɗin. Ya so ya liƙa min sawunba, doguwar sifikar nan da ake sa wa tibi, wai me zan yi da wahala, na ce masa wahalar nake so.

Daga nan na shiga lungu wajen dattijon nan mai gyaran rediyo, teburinsa cike da gawarwakin amfilifaya da ƙurar da ta girme ni. Na ce masa Baba so nake in haɗa tibi da waya su shiga jak ɗaya, in sayi wayar nan mai baki biyu in juya ta? Ya sauke tabarau ya ce "a'a Alaji, kishiyoyi ne, ba a haɗa su ɗaki ɗaya sai da katanga." Ya yi min bayani wai kowanne turo wuta yake, in ka ɗaure su kai tsaye kowanne zai dinga tura nasa cikin ɗan'uwansa, sauti ya shaƙe, wata rana ma ɗaya ya ƙone. Katangar ita ce razista, ɗaya a kan kowace waya kafin su haɗu. Ya zaro wata tsohuwar robar magani ya zazzage a tafin hannu yana tona su da farce, ya ware min guda huɗu masu zoben ruwan ƙasa, baƙi, ruwan lemo, wato 10k, sannan ya ƙara biyu masu ja, ja, ruwan lemo, 22k, ya ce in riƙe zan neme su. Ya naɗe a ƴar takarda, da kyar ya karɓi kuɗin shayi.

Sha biyu ina gida na baje kaya a kan tabarma. Na cire ƴar hular roba ta bakin wayar oftikal na soka, sai ga jan haske a ɗaya bakin, autana ya ga haka ya ce "Abba wuta ce?" na ce haske ne, maganar tibi ce take tafiya a cikinsa, ya kalle ni kamar na raina masa hankali. Abin ma tsoho ne fa, Toshiba ce ta fito da shi tun 1983 shi ya sa ake ce masa Toslink.

Na kunna. Shhhhhh trrrrr, wata ƙara kamar ana soya wainar fulawa a cikin kunnena, yara suka toshe kunne Madam ta leƙo daga kicin ba ta ce komai ba ta koma, wanda ya fi maganar ciwo. Na ɗauka akwatin ne jabu har na fara shirya abin da zan faɗa wa yaron shagon, sai na tuna ƙananan akwatunan nan PCM kawai suke ganewa, wato sautin da ba a dunƙule ba, in tibi ta turo dunƙulalle irin Dolby Digital ba su san yadda za su warware shi ba sai su zubo maka shi haka ɗanye. Na shiga saitin sauti na juya daga Auto zuwa PCM, na yi haka a dikoda ma, tsit, sai ga magana tas. Yaron shago ka yafe ni.

Murnar ba ta yi minti biyu ba na ji ƙugi a ƙasa ƙasa, mmmmm, ba ya tashi ba ya sauka. Wannan na san shi, kukan wutar gida ne mai 50Hz. Abin da ya ɗaure min kai, ai oftikal haske ne ba ƙarfe a ciki, ta ina ƙugi zai bi? Na kusa rabin awa ina cire wannan ina mayar da wancan, sai da na zare wayar dish daga bayan dikoda ya ɗauke sannan na gane. Ni da kaina na buɗe masa hanya, don wayo na ba akwatin wuta daga USB ɗin tibi wai ya dinga kunnuwa tare da ita, to ta nan ƙasan tibi, wato wayar "ground" ɗinta, da na dikoda da na dish duk suka zagayo suka haɗu da amfilifaya. Na ɗauko tsohuwar cajar waya na ba shi wutarsa daban, ƙugi ya tafi.

Na yi azahar na ci abinci a tsaitsaye na zauna aikin dalma. Hagu da hagu, dama da dama, ƙasa duk wuri ɗaya, kowace waya da razistarta. A nan ne na miƙa hannu ɗaukar filaya ban duba ba na dafa ƙarfen, na yi salati da ƙarfi har maƙociya ta aiko a tambaya ko lafiya. Madam ta kawo ruwan sanyi a kofi na tsoma yatsa tana cewa "sannu injiniya", ni dai na san ba sannun Allah da Annabi ba ce.

Ɓangaren kiɗa kuwa na yanke shawara wayata ba za ta ƙara shiga harkar ba, na goge amfilifayar daga Bluetooth ɗinta gaba ɗaya, na goge a ta Madam ma. Akwai tsohuwar waya a durowa mai fasasshen gilashi ba layi a ciki amma jak ɗinta lafiya lau, ita na goge tas na sa mata Audiomack da Boomplay da Spotify, na haɗa ta da wayfay na gida na soka mata waya ta zauna nan dindindin. Ba mai kiranta ba WhatsApp balle ta tona min asiri. Da ana samun Chromecast Audio, ɗan abin nan da ke kawo kiɗa daga intanet zuwa sifika ta wayfay, shi zan saya, abin kamar don ni aka yi shi, amma Google ta daina yin sa tun 2019, Spotify kuma bai shigo Najeriya ba sai 2021, ka ga sun yi saɓani.

Gwajin farko tibi ta danne waya gaba ɗaya, na ƙure muryar wayar amma kamar tana raɗa, ina komawa tibi kuma sai ta daka min tsawa. Akwatin oftikal ya fi waya ƙarfin fitarwa nesa ba kusa ba. Sai na tuna ƴan jajayen nan biyu na Baba mai gyaran rediyo, na cire 10k na ɓangaren tibi na sa 22k, suka zo kusan kai ɗaya. Dattijon nan tun a kasuwa ya san inda zan faɗi bai dai faɗa min ba.

Na dawo daga la'asar an take wasan Firimiya, yanzu da sanyi ƙarfe 4 ake farawa tunda Ingila sun ja agogonsu baya. Ƙanina ya zo kallo, yana zama ya ce "Yaya yau kuma filin ka kawo mana falo?" Ihun ƴan kallo na fitowa ta sifikun Baba har kana jin ƙarar ƙwallo in ta daki ƙarfe. Da aka tafi hutun rabin lokaci na danna wa tibi miyut na taɓa tsohuwar waya sai kalangu ya tashi, ban tashi daga kujera na cire wata waya ba ban danna wani maɓalli a amfilifaya ba, aka dawo na tsayar da kiɗa na saki tibi. Abin da nake nema kenan tun watanni. Sai autana ya je ya danna waƙa ana tsaka da wasa duk biyun suka tashi tare, mai sharhi na ihu makaɗi na nasa, to haka abin yake ba mai korar wani, duk wanda ya yi magana za a ji shi.

Saura matsala ɗaya kuma Madam ce ta gano ta ba ni ba. Rimot ɗin tibi ba ya ƙara murya ba ya ragewa, oftikal haka yake fita da ƙarfi ɗaya. A dikoda ba damuwa rimot ɗinta na yi tunda PCM ne, amma a YouTube sai ka taso ka murɗa da hannu. Na ce mata akwai wani akwatin da ke ɗauka ta ARC wanda wasunsu ke bin rimot, ta ce "ba dai wata Asabar ɗin za ka ƙara cinye mana ba", na ce sai wani watan.

Bayan isha'i na gwada abin da ya jawo duk wannan, na fita waje na shigo da waya a aljihu Bluetooth a kunne tana kallon shirinta, ba abin da ya ɗauke, ba matar da ta yi shela. Ba ta ma lura na shigo ba sai da na yi gyaran murya. Ta tashi ta ɗauko jan farcenta ta ɗiga ɗigo ɗaya a jikin abin murɗa murya ta ce daga nan kar wanda ya wuce, har ni. Razistocin dai yanzu suna cikin robar askirim na huda mata gefe na naɗe da baƙin tef, Litinin in Allah ya kai mu zan biya wajen kafinta da awon akwati, in yatsan ya bari.